Ƙarshen da Larai Ta Karanta Masa

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Malam Habibullah mai gyaran janareta a Gumel, kuma tun tasowata ban taɓa jin muryar matarsa Inna Larai ta tsallako katangar nan ba, sai wata Talata da hantsi.

"Malam, ka janye maganar nan. Yaran nan ba su yi kuskure ba."

"Ke kika san littafin ko ni?"

"Ni na san shi. Kai ka taɓa buɗe shi?"

Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"Ba ke kika karanta min ba? Da bakinki, a ɗakin nan, kika ce wan ya fito ƙofa ya tari ƙanensa da ruwa a kwano."

"Na faɗa. Amma ba haka aka rubuta ba. Rasuwa ya yi, Malam. Kafin ƙanen ya iso an riga an kai shi makwancinsa. Ruwan nan ni na sa shi."

"Shekara talatin da 'yan kai, Larai, kina jina ina faɗa wa mutane?"

"Ka tambaye ni ne? Littafin yana cikin kwabarka, ƙarƙashin na injinanka."

Daga nan ban ƙara jin komai ba sai ƙarar ƙyauren ɗaki.

Wanda bai san Malam Habibullah ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A garin nan an san shi da gyara, amma abin da ya fi so a san shi da shi karatu ne. Shagonsa na kusa da tasha, gabansa cike da janaretoci da injinan ban-ruwa masu jiran layi, ciki kuwa akwai katako biyu da ya jera wa littattafan aikin wuta da na inji, duk bangonsu ya sha baƙin mai. Ɗaliban koyon sana'a kan kawo masa littafin da aka ce su saya, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya buɗe tsakiya, ya yanke hukunci nan take.

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa riƙe sifana ba. Dubi inda ya ce a fara gwada wutar gida. Wace wutar? Da akwai ta, wa zai kawo min janareta?"

Wani littafin kuma sai ya yaba shi. "Wannan ka riƙe shi. Zanensa ya fi surutunsa yawa, ka san mai aiki ne ya yi shi." Har direbobin manyan motoci masu shigowa daga Damagaram kan kawo masa na Faransanci. Ba ya jin yaren, zanen yake bi da yatsa, ya ce inji ba shi da ƙabila. Ra'ayinsa kullum ɗaya ne: littafin aiki ba ya yi maka ƙarya, in ya yi, inji zai tona shi kafin azahar.

Littattafan hikaya kuwa bai ɗauke su bakin komai ba, in ban da guda ɗaya. Wani tsohon labari ne da aka karanta a firamare tun zamanin iyayenmu, na wasu 'yan'uwa biyu masu haƙar rijiya, inda ƙanen ya ci mutuncin wansa ya shiga duniya, sai da girma ya kama shi ya juyo gida. Malam Habibullah yakan ba da shi a majalisarsa tun daga farko, in ya zo ƙarshe sai ya sassauta murya: wan ya hango ƙanen daga nesa, ya fito ƙofa da ruwa a kwano, bai ce masa komai ba sai "sha, ka sha hanya". A nan yakan cire tabarau ya goge da bakin riga.

Ba wanda ya taɓa ce masa ba haka ba ne. Wasu ba su karanta ba, wasu sun manta. Amma akwai tsofaffin malaman makaranta a majalisar da suka koyar da littafin nan, sun sani sarai, suka yi masa kara. A wajenmu ba a gyara wa mai furfura magana a gaban jama'a. Sai dai a bi shi gida a faɗa masa a keɓe, kuma wa zai bi mutum gida a kan ƙarshen tatsuniya?

Bana sai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan gari ta ɗauki labarin za ta kai gasar da ake yi tsakanin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Malama Rahama, mai koyar da Hausa a wata sakandare, ita ta tsara shi. Don girmamawa ta gayyaci Malam Habibullah ya kalli gwaji a ɗakin taron makarantar. Ina wurin. Ya zauna a gaba, yana gyaɗa kai, yana ma riga 'yan wasan faɗar wasu kalmomi. Sai aka zo ƙarshe. Abduljabbar, saurayin da ya fito a ƙanen, ya iso ƙofar gida da sandarsa, ya tarar da tabarmi a shimfiɗe da mutane zaune ana karɓar gaisuwa. Ya durƙusa. Aka ja labule.

Malam Habibullah ya miƙe, hularsa a karkace.

"Wa ya ba ku izinin kashe shi? Littafin da ya girmi iyayenku, ku ɗauko ku yanke masa wutsiya don ku sa mata kuka? Malama, ke da kike koyarwa, haka kike karatu?"

Malama Rahama tana riƙe da littafin a hannu. Na ga ta dube shi, ta dubi furfurar Malam, ta mayar da hannun bayanta.

"Ka yi haƙuri Baba, za a gyara."

Bai tsaya nan ba. Da yamma ya sa aka ɗaukar masa saƙon murya aka tura zauren masu karatu na waya, inda ya ce matasan yanzu ba sa karatu, kallo kawai suka iya, kuma duk wanda zai ɗora littafi a dandamali ya fara yi masa biyayya irin wadda makanike ke yi wa zanen inji. Saƙon ya zaga har Maigatari. Masu yaba masa suka yi yawa, don maganar ta yi daɗin ji. Waɗanda suka san gaskiya suka yi shiru. Malama Rahama kuwa da gaske take. Ta fara sauya ƙarshen, ta sa aka nemo kwanon sha. Ta san alƙalan gasar sun haddace littafin, ta san za su ce ita ce ba ta karanta ba, amma ta zaɓi ta ɗauki wannan da ta ƙaryata dattijo a gaban gari. Inna Larai kuwa a wayar 'yarta Ummulkhair ta ji saƙon, shi ne ta tare shi da hantsin nan.

Sauran labarin daga bakin Inna Larai na ji shi, ranar da ta shigo wurin mahaifiyata da sunan aron rariya ta zauna har la'asar.

Malam Habibullah yana da wa, Ɗalha. Shi ya koya masa riƙe sifana, shi ya tura shi makarantar koyon sana'a yana ci gaba da wahalar shago shi kaɗai. Da Habibullah ya dawo da takarda da littafi a hammata, sai wata rana wani alhaji ya kawo injin niƙa. Ɗalha ya saurari kukan injin ya faɗi abin da ke damunsa. Habibullah ya buɗe littafi a gaban alhajin da duk masu zama a bencin shago ya ce, "Yaya, ba haka ba ne, littafi bai ce haka ba. Aikin kintace ya wuce." Aka yi dariya. Ɗalha kuwa washegari ya tattara kayan aikinsa a buhu ya hau mota zuwa Maigatari, kuma can yake har yau, ya tsufa, yana zaune a ƙofar shagon da 'ya'yansa ke gyaran babura. In biki ko rasuwa ta haɗa su sukan ba juna hannu, su tambayi iyali, shi ke nan.

Ba a jima da tafiyar Ɗalha ba ruwan batir ya fallatsar wa Habibullah a ido. Aka naɗe masa fuska, ya yi makonni a ɗaki. Larai tana amarya lokacin. Ta rasa abin ɗebe masa kewa sai littafinta na firamare da ta taho da shi cikin kayan aure, ta riƙa karanta masa kaɗan-kaɗan bayan ta gama girki.

"Da muka kusa ƙarshe," in ji ta, "sai na ga bandejin ya jiƙe. Likita ya ce kada ya yi kuka. Na dubi shafin, na dubi mutumin nan kwance ba ya gani, sai bakina ya faɗi wani abu daban."

Mahaifiyata ta ce ai tausayi ne, Allah ya ba ta lada. Inna Larai ta daɗe tana juya rariyar a cinya.

"Tausayi ne. Amma ba shi kaɗai ba. Na san in na karanta masa na gaskiyar, ranar da aka kwance masa ido zai hau mota ya je ya durƙusa. Yaya zai dawo, shago ya koma nasa, mu koma cin abin da aka yaga mana. Ni kuma lokacin ina son a ce mijina ne mai shago."

Ta faɗi haka tana kallon ƙasa.

Shi ma ban yarda duk laifin na kunnensa ne ba. Mutumin da ba ya barin takardar cikin kwalin fulogi sai ya karanta, ya ajiye littafi ɗaya tak a kwabarsa tsawon shekarun nan bai ɗaga bangonsa ba. Ina zaton tun yana kwance ya ji inda muryar amaryarsa ta yi rawa, ya ji shafin bai juya ba alhali labari na tafiya. Ƙarshen da ta ba shi ya yi masa daidai. In wa zai fito ƙofa da ruwa komai daɗewa, to babu gaggawa, ana iya zuwa baɗi. Abin da ya miƙar da shi a ɗakin taro ba kishin littafi ba ne. Tabarmin nan ya gani.

Bayan rigimar, kwanaki shagonsa na rufe. Masu janareta suka yi ta sallama ana cewa ba ya jin daɗi. Da ya fito masallaci sai ya tsaya a sahun baya, yana sallamewa ya zame kafin a fara gaisawa. Abin da ya fi cinsa, kamar yadda Inna Larai ta faɗa, ba kuskuren ba ne. Lissafin fuskokin da suka sani suka ƙyale shi yake yi. Tsofaffin malaman da yake ba labarin suna gyaɗa kai. Malama Rahama da littafi a bayanta. Karar da shi ya kasa yi wa wansa a kan injin niƙa, ita gari ya yi ta yi masa shekara da shekaru yana tsammanin iliminsa ake saurare.

Inna Larai ta ba shi mafita mai sauƙi. Ta ce ya aika Ummulkhair a keɓe ta gaya wa Malama ta mayar da ƙarshenta, ba wanda zai ji. Ya ce to. Sai kuma ya ce a'a, saƙon nan ai ba a keɓe ya tura shi ba. Sai ya koma ɗaki.

Ranar gwajin ƙarshe, ana gobe za su tafi gasar, na gan shi ya fito da azahar cikin farar riga ba ta aiki ba. Bai tari mai keke ba, da ƙafa ya tafi, kuma ya bi ta bayan kasuwa inda ba zai haɗu da 'yan majalisarsa ba. Na isa makarantar kafin shi. Ɗakin taron ya cika da ɗalibai da iyaye da wasu daga cikin tsofaffin malaman nan. An kusa ƙarshe. Saurayin da ya fito a wan, da garin alli a gemu, yana tsaye bayan labule riƙe da kwanon ruwa, yana jiran Abduljabbar ya ƙaraso.

Malama Rahama ce ta fara hango Malam Habibullah. Ta taso da sauri.

"Baba, sannu da zuwa. Ga kujera a gaba. Mun gyara yadda ka ce."

Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a jikin ƙyaure, kamar wanda ya zo gidan da ba a san shi ba. Wasan ya tsaya, kowa ya juyo. Ya cire tabarau, bai goge ba, ya riƙe a hannu. Wani daga cikin tsofaffin malaman ya sunkuyar da kai tun kafin a ce komai.

"Malama, ki sa ya ajiye kwanon nan," in ji shi. "Ku mayar da tabarminku, ku ne da gaskiya. Ni ban taɓa karanta littafin nan ba, karanta min aka yi."