Zanen da Na Tura Bayan Randa

Duk wanda ya yi damina a garin Lafiya ya san warin ɗaki a watan Agusta. Bango ya jiƙe, tabarma ta yi sanyi, ko takalmi ka manta a lungu sai ya yi fari-fari da fumfuna. A irin lokacin nan ne kakarmu Iya ke tara mu a madafi bayan magariba, tana gasa sabuwar doya, muna dangwalawa da manja da gishirin garin Keana, tana ba mu tatsuniya.

Mu biyu ne jikokinta mata, ni da Ladidi 'yar gwaggona. Kuma ni dai a ganina Ladidi ce 'yar gaban goshi. Ita ke zama jikin ƙafar Iya, ita ke samun tsakiyar doya, ni gefe mai ƙuna. Rannan kuwa na ga Iya ta buɗe akwatinta ta miƙa mata wani zanen saƙi mai ratsin shuɗi. Wallahi tuwo bai wuce mini ba ranar. Da Ladidi ta tafi ɗebo ruwa, na ɗauke zanen na cusa bayan randa, inda ƙasa ba ta bushewa. Ta yi nema, ta yi kuka, ni har da taya ta ɗaga katifa.

Kwana tara, sai Iya ta ce yau sabuwar tatsuniya gare ta.

"Ga ta nan tafe, ruwa ya jiƙa ta."

Muka ce, "Ta shigo ta ji ɗumi."

Wai Fumfuna ƙanwar Rana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Kullum safe mutane na fitowa suna shanya wa Rana kayansu, ita ba mai ko kallonta. Haushi ya cika ta, ta shige lungu mai duhu ta rantse duk abin da aka ɓoye wa yayarta, ita za ta cinye. Ta ci gyaɗa, ta ci alabo, ta ci tufafi, ba ta ƙoshi ba. Da ta rasa abin ci sai ta juya ta kama cin tabarmar da take kwance a kai.

Iya ta juya doya, ba ta dube ni ba. "Ƙawata, na ji Fumfuna tana zaune bayan randata. Gobe ke za ki kore ta."

Da safe ta ɗaure mini kallabi a hanci da baki. Na jawo zanen daga bayan randa, duk ya yi ɗigo-ɗigon baƙi da kore. Na kai hannu zan kakkaɓe, ta buge ni.

"Kul! Ba a kakkaɓe ta a ɗaki, ba a hura ta, ba a shinshina ta. Ƙirji take shiga. Naɗe shi a hankali, mu fita waje."

Na wanke da ruwan zafi da sabulu har sau uku, na shanya a rana tsaka. Muka goge bangon da jiƙaƙƙen tsumma, muka ɗora randa kan duwatsu nesa da bango, muka wangale taga. Wari ya tafi, amma tabon ya zauna daram.

Da zanen ya bushe, Iya ta linke ta ɗora mini a hannu.

"Ungo kayanki. Da ma naki ne na Sallah. Ladidi kalmasa baki kawai na ba ta, don ta fi ki iya allura."

Haka na je Idi da tabo a gaba, Ladidi na bina tana cewa, "Malama Fumfuna, a dawo lafiya!"

Iya ta daɗe da rasuwa. Ba zan ce na warke ba, don ko bara da Ladidi ta gina gidan sama sai da abin ya motsa mini a ƙirji. Sai dai yanzu ba na tura shi bayan randa. Na je na same ta na ce, "Ke, gidan nan naki ya tsone mini ido." Ta yi dariya har da hawaye, ta jawo mini kujera kusa da taga.