Gurbin Jikin Katanga

Ni dillalin mota ne. Tun a Kano nake cin abinci tsakanin mai saye da mai sayarwa, da na zo Doha ma ɗan lokaci kaɗan na yi a aikin gadi, na koma sana'ata a ƙarƙashin kafil ɗina, wato uban gidan da ke riƙe da takardun zamana, wani Balarabe mai filin tsofaffin motoci a unguwar masana'antu. Jirgin ruwa bai taɓa shiga tunanina ba. Ta hanyar musaya ya zo hannuna. Wani injiniya ne kwangilarsa ta ƙare, yana son mota mai ƙarfi da zai tura gida, ba shi da abin bayarwa sai jirginsa na kamun kifi, fari, na faiba, robar nan mai tauri, da inji biyu a baya. Na zagaye shi, na ƙwanƙwasa, na saurari injinan, na karɓa. Aka yi takardu da sunan kafil. Niyyata in riƙe shi zuwa lokacin sanyi, sa'ad da kowa ke marmarin fita teku, in sayar.

Abin da injiniyan bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba, shi ne gurbin da jirgin yake kwana na kamfaninsu ne. Yana hawa jirgin sama aka kira ni in zo in ɗauke kayana.

Mota ko ba ta da gareji ka jingina ta a gindin bango ta kwana. Jirgi ba haka ba ne. Na zagaye tashoshin da masu hali ke ajiye nasu, ko'ina a cike. Sai a tambaye ka tsawon jirgin, a yi maka murmushi, a ce in Allah ya so za a neme ka. Masu sayen da na fara tuntuɓa kuwa, kafin su tambayi inji sai su ce, “Yana da gurbi?” Nan na gane ba jirgin ne kayan ba, wurin ɗaure shi ne.

A wajen mai shayi a unguwar Najma na yi ƙorafin nan, wani mutumin Zangon Kumasi ya ji. Direban motar ma'aikata ne, amma ya ce a ƙuruciyarsa ya tuƙa jirgin fito a tafkin ƙasarsu. Ya girme ni, sai dai Alhaji yake kirana, ni kuma in kira shi Sarkin Ruwa. Shi ya kai ni wani tsohon mashigi a kudancin gari, wanda aka haƙa tun da daɗewa aka yi wa katangar siminti hagu da dama, da zobban ƙarfe a jiki. Babu famfo, babu banɗaki, mai a jarka ake ɗaukowa. Gangarar da ake sauke jirgi ta yi gansakuka, ƙarshenta ya karye, in ba ka yi hankali ba tirela ta tafi da ƙafa ɗaya. Amma akwai ruwa, akwai zobe, kuma ba wanda ke korar kowa.

Zobban ba su isa ba, saboda haka jere ake yi. Na farko ya ɗaure a katanga, na biyu ya ɗaure a jikin na farko, haka har na huɗu. In naka ne na ƙarshe, sai ka cire takalmi, ka yi sallama, ka taka jiragen mutane ɗaya bayan ɗaya kafin ka isa. Ni baƙo, na ƙarshen na samu, a layin wani dattijo masunci ɗan ƙasa, siriri, mai jan lalle a gemu, wanda jirginsa ne a jikin katanga.

Tun ranar farko abin ya tsaya mini a rai. Duk wanda ya yi kasuwa ya san shagon bakin hanya ba ɗaya yake da na lungu ba. Mai sayen jirgi zai zo da farar riga sabon guga, ya cire takalmi ya tsallaka jirage uku masu ƙarnin kifi? Kafin ya isa ransa ya ɓaci, farashi ya faɗi. Na ce wa Sarkin Ruwa gurbin jikin katanga nake so.

“Alhaji, mun zo jiya-jiya,” in ji shi. “Ka bari mu ga yadda suke yi.”

“Ni ba zama na zo yi ba, sayarwa na zo yi.”

Na bi dattijon yadda ake bin mai kayan da bai yi niyyar sayarwa ba. Na kai masa dabino. Na lura na'urar sanyin motarsa ta mutu, na ja ta filinmu aka gyara, na ƙi karɓar komai. Sannan da guntun Larabcina na ce, “Baba, ko za mu yi musayar wuri? Kai kullum kake fita, bakin layi ya fi maka sauƙi.”

Ya dubi katangar, ya dube ni. “Khalas,” ya ce, “shi ke nan, ɗauka.”

A sana'armu, in mai kaya ya sallama maka tun tayin farko, komawa kake yi ka sake leƙa ƙarƙashin motar. Na san wannan sarai. Amma ruwa a cike yake a lokacin, katangar lafiya lau a ido, na ɗauka dabino ne ya yi aiki.

Ruwan teku cika yake yi ya janye, kullum. In ya janye sai jirgi ya sauka tare da shi, a nan ne katangar ke nuna abin da take ɓoyewa. Gishiri ya cinye simintin ƙasa, ya zube, rodi ya fito tsirara, ya yi tsatsa, ya lanƙwashe waje kamar yatsu. Ana kwance lafiya ba ya komai. Sai iskar arewa da suke kira shamal ta taso. Ta kwana biyu tana busawa, jirage ukun nan duka suka kwanto da nauyinsu a kan nawa, nawa kuma a kan rodi. Da muka je da safe, gefen jirgin ya yi kamar an bi shi da magagari, wuri ɗaya har ana ganin zaren faiba.

Sarkin Ruwa ya tsuguna ya shafa wurin. “Alhaji, ka ga aikin da ka nemo mana? Mu ne tayar layin nan yanzu. Kowa ya jingina da mu ya yi barci.”

“Kai da ka ce ka san ruwa?”

“Namu ruwan ba ya zuwa yawo ya dawo. Inda ka bar shi nan za ka same shi.”

Na je wurin dattijon na ce a mayar da musaya. Yana gyaran komarsa, bai ko ɗago ba. “Kai ɗan kasuwa ne, ya ɗana. In ka sayar da mota, ana dawo maka da ita?” Mutanen layin suka yi dariya. Ban yi fushi da shi ba, ni ma da haka zan yi.

Tayoyin da za su kare gefen jirgi dai ba su yi mini wuya ba. Na cika bayan mota da tsofaffi daga filinmu, muka rataye su da sarƙa a jikin katangar, suka rufe rodin. Sati bai zagayo ba masu sintiri suka zo suka ce a cire, ba a rataya komai a katangar hukuma, kuma taya tana ɓata ruwa. Muka mayar da su jikin jirgi. In ruwa ya sauka sai rodi ya saƙale tayar, in ya hau ya tsinke igiyar. Na zo da zarto zan yanke rodin, mai gadin wurin ya riƙe mini hannu, ya ce in aka kama ni ina yankan kayan gwamnati, shi da ni duka sai filin jirgi, a kora mu gida. Baƙo ba ya gardama a kan irin wannan. Na mayar da zarto mota.

To, wa zai gyara? Nan na shiga yawon ofis. Na farko suka ce su ƙasa suke kula da ita, katanga kuwa tana cikin ruwa. Na biyu suka ce su ruwa ne nasu, katanga gini ce. Na uku suka ce ai kamfanin da ya haƙa mashigin ne ke da alhaki, kamfanin kuma an daɗe da rufe shi. Ko'ina da ladabi, ko'ina da shayi da sanyin na'ura, ka fito ba ka riƙe komai ba. Ina wannan yawon, ina biyan mai liƙin faiba, shamal tana dawowa tana kwance aikinsa. Kuma ba ni da halin janye jirgin ko na kwana ɗaya, domin kana fita wani ya shige gurbin, sai ka rasa na katangar ka rasa na ƙarshen.

Dattijon ya ji labarin yawona. Ranar nan ya kira ni cikin jirginsa, ya zuba mini gahawa.

“Me kake nema a ofisoshi?”

“Gyara, Baba. Katangar nan za ta ci jirgina.”

“An manta da katangar nan, shi ya sa muke nan. Ka tuna musu, za su tuna da mu.”

Na ce a raina, mai jirgi a bakin layi ai dole ya faɗi haka, ba nasa ake gurzawa ba. Na matsa wa kafil. Da farko ya ce in bari, amma jirgin da sunansa yake, kuma na nuna masa hotunan ramin. Ya kai maganar majalisin wani ɗan uwansa inda manya ke zama da yamma. Abin da na yi watanni ina bi, a zama ɗaya ya motsa.

Masu hular kwano suka zo, suka auna, suka ɗauki hoto. Aka manna sanarwa cewa a kwashe jirage duka za a yi aiki. Har na yi wa Sarkin Ruwa ba'a, na ce ya ga amfanin baki. Muka jawo jirgin ta karyayyar gangarar nan da ƙyar, muka kai shi filin motoci, muka jira.

Sun yi aiki, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sabuwar katanga sumul, an shimfiɗa dutse a sama, an kafa fitilu da kujeru, an dasa dabino. Ga famfo, ga banɗaki mai tsabta, abubuwan da masunta suka shekara suna marmari. Sai dai an bi bakin ruwan da shingen ƙarfe daga farko har ƙarshe, gangarar an cike ta an yi wurin wasan yara, zobe kuwa ko ɗaya ba a mayar ba. Allo ne a tsaye da harshe biyu, an hana ɗaure jirgi. Na koma ofishin da ya yi aikin na tambayi inda jiragen za su koma. Wani saurayi ya ce su gyaran gaɓa aka ba su, maganar gurbi ta wani sashe ce, in rubuta buƙata.

Mutanen mashigin suka watse. Masu ƙarfi suka tafi can arewa, tafiya mai nisa, wasu suka sayar. Sun san ta inda maganar ta fito, domin a wurin kamar wannan ba a ɓoye komai. Na haɗu da dattijon sau ɗaya a kasuwar kifi, yana saye, ba sayarwa ba. Na gaishe shi, ya amsa yadda addini ya ce, sannan ya ce, “Katangarka ta yi kyau. Jikokina suna zuwa hawan keke.” Ya karɓi ledarsa ya wuce.

Lokacin sanyi ya zo ya tafi jirgina yana kan tirela tsakanin motocin da suka yi haɗari. Duk wanda ya kira, tambayar gurbin nan dai, kuma ni ba na sayar da abin da ba ni da shi. Rana ta fara cin fentin, kafil ya fara cewa wurin motoci uku ya tare. Na kwance injinan na sayar daban. Gangar jikin jirgin kuwa, wani mai gona ne daga can cikin sahara ya zo ya duba, zai cika ta da ruwa ya yi kiwon kifi. Ya tambaya ko tana yoyo. Na kai shi gefen na nuna masa inda aka liƙe, na ce ya danna da hannunsa. Ya danna, ya rage abin da zai rage, na sallama.

Sarkin Ruwa ya zo taya ni ɗorawa a babbar mota. Muna ɗaure igiya ya ce, “Alhaji, ka tambaye shi ko yana neman direban jirgi.”

“Ja can ɓangaren,” na ce, “ya karkace.”