Zabuwar da Ta Haɗiye Tambaya

Kakata ta wajen uba, Iya Tsahara, ba ta yi mana tatsuniya sai da sanyi. Da an sallame lisha a gidanmu na Dakoro, sai ta hura wutar karan hatsi a ƙofar ɗakinta, ta binne gujiya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa tafin hannu. Ni take zaunarwa kusa da ita, wai ni ne mijinta, ko da yake kullum tana ƙorafin ban taɓa ɗinka mata zane ba. Muryarta a dushe take, dole mu yi tsit in muna son ji.

"Ga wata nan ta taho," in ji ta.

"Ta iso, muna saurare."

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda na tsana, ta wata zabuwar daji. Tun tana tsako ba ta barin kowa ya huta. Ta tambayi kwaɗo inda yake shiga in tafki ya ƙafe, ya nuna mata damshi ƙarƙashin busasshiyar laka. Ta tambayi kurege yadda yake gane inuwar shaho. Ƴan'uwanta suna ta yi mata dariya. Da shekarar fari ta zo, ita ta ja garken zuwa wurin damshi, suka tona suka sha, suka rayu. Sai suka ɗora ta a gaba. Daga nan ita ake tambaya, shekara da shekaru.

Wata rana ta tarar da hatsi zube a gindin aduwa, da wani siririn zare na gashin doki kewaye da shi. Ba ta taɓa ganin irinsa ba. Bisa reshe kuwa ga wata kurciya da ta ga wanda ya ajiye shi.

A nan Iya takan rage murya, ta dafa maƙogwaronta. "Tambayar ta zo mata har nan. Amma garke na bayanta suna kallo. Ta ce a ranta, in na tambayi kurciya, mi za su ce? Sai ta haɗiye, ta sa ƙafa."

"Sai mi, Iya?"

"Sai miya. Da tuwo aka ci ta."

Na taɓa fashewa da kuka, na ce a sake ƙarshen. Ta ce, "Mijina, ni ban iya gyaran abin da ya riga ya faru. Ci gujiyarka."

Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, amma yawan tambaya ya ba ni sana'a. Na dami wani makanisiye har ya koya mini injin gazuwal, wato man dizal, irin wanda ke jan ruwa daga rijiyar burtsatse. Daga Kornaka zuwa Adjekoria, in inji ya tsaya ni ake aiko wa mota. Na yi aure, na gina gida, na yaye yara a sana'ar. Aka koma kirana Shef Mamane.

Sai famfon sola ya shigo, ƙauye bayan ƙauye. Kira ya ragu, har ya zama wayata takan yini ba ta yi ƙara ba. Rumbuna ya fara nuna ƙasa.

Bazarar bana aka kira ni wani ƙauye arewa da Birnin Lalle, don famfonsu na sola ya tsaya, waɗanda suka kafa musu shi kuma sun yi nisa. Na tarar da mata zaune kan bido, jarkokinsu na ruwa, babu ko ɗigo, shanu sun cika wurin suna kuka, wata saniya ta riga ta kwanta ana ƙoƙarin ta da ita. Na buɗe akwatin famfon. Ba mai, ba hayaƙi, ba wani ƙarfe da hannuna ya sani, sai wani ɗan gilashi da haruffa suna ƙiftawa.

Maigari ya matso. "Shef, ka gano ciwon?"

Gari duka na bayana. Na san zan iya kwance wani abu in ɗaure, in ce kayan ne ba su da kyau, in hau mota. Sai na ciro waya na kira Sani, yaron da na yaye, wanda ya koma Maradi ya koyi aikin sola. A gaban kowa na ce, "Sani, wannan ban san shi ba. Hwaɗa mini abin da nake gani."

Wani ya yi dariya a bayana. Sani ya sa na karanta masa haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya ce wani sashe ne ya ƙone, sai an kawo sabo. Kafin sabon ya iso saniyar ta mutu, ita da wasu, makiyaya suka kora sauran kudu.

Yanzu a shagon Sani nake, da furfurata, ina riƙe masa wayar lantarki. Yana ce mini Baba, yana jin nauyin aikena. Idona ba ya ganin ƙananan lambobi, abin da aka nuna mini da safe yakan gudu kafin la'asar. Iyalina suna Dakoro suna jira, ni kuma ba ni da abin da zan ce musu.

Da ina yaro na ɗauka girman kai kawai Iya take zagi. Yanzu na san tsoro ne ya kama zabuwar nan, tsoron a ga ranar da saninta ya ƙare. Abin da Iya ba ta faɗa ba shi ne ko amsar kurciya za ta ishe ta, bayan ta daɗe rabonta da koyo. Ni ma ban sani ba ko na yi tambayata kan lokaci. Ɗazu Sani ya gama yi mini bayanin wani haɗi, ya ce, "Baba, ka gane?" Yaran shagon suka ɗago kai suna kallona.

Na ce, "A'a. Sake."