Fuskar 'Yar Fari

Rakiya ta Ƙofar Gayan da yumɓu ta buɗe ido. Tun tana ƙarama take gina tulu da kaskon turare a gefen mahaifiyarta. Da robobi suka cika kasuwa aiki ya ja baya, sai ta fara zuwa unguwar Tukur-Tukur koyon aiki wurin Hajiya Zainab, malamar zane da ta yi ritaya, wadda ke fitar da fuskar mutum a jikin faifan yumɓu kamar zai buɗe baki ya gaishe ka.

Hannun Rakiya bai ba da wahala ba, sai dai ya saba da tukwane.

"Rakiya, wannan hanci ne ko bakin buta?" in ji Hajiya, su yi ta dariya har da hawaye.

Ƙa'idar Hajiya ɗaya ce: a ƙare wa mutum kallo kafin a taɓa yumɓu.

Ana nan sai Raihana, 'yar farin Rakiya, ta sami aiki a Fatakwal. Rakiya ta ƙudurta sai ta gina fuskarta kafin ta tafi. Amma akwai kunyar 'yar fari. A gidan kakarta Raihana ta tashi, tana kiran uwarta Yaya kamar yadda ta ji ƙannen uwar na yi. Rakiya kuwa ba ta taɓa kama sunanta ba, "waccan" take cewa, balle ta tsaya kallonta.

Ta gwada ginawa da ka. Hajiya ta duba ta ce, "Wannan ai autarki ce. Kawo min mai fuskar."

Raihana ta zo ana jibi za ta tafi, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Rakiya ta kalli tabarma, ta kalli bango, ta gyara mayafi.

"Yaya, takalmina za ki gina?" Raihana ta tambaya tana danne dariya.

"Hajiya, ki ce wa waccan ta yi shiru."

Hajiya ta ɗan yi tunani, sannan ta ce, "Raihana, rufe idonki. Kar ki buɗe sai an ce."

Da ta rufe, Rakiya ta ɗago kai a hankali. Ashe goshin yarinyar na mahaifinta ne sak. Ashe kumatunta na lotsawa gefe guda kawai. Ga wani ɗan tabo a girar hagu. Ba ta san lokacin da ta miƙa yatsa ta shafa shi ba, ta bar mata jan yumɓu a wurin.

"Yaushe kika ji ciwo a nan?"

"Tun ina firamare. Daga bishiyar gwaiba na faɗo, Kaka ta hana a gaya miki."

Hajiya ta sulale ta shige ɗaki wai za ta ɗora shayi.

"In buɗe, Yaya?"

"Tsaya tukuna," in ji Rakiya, tana murmushi. "Ban gama ba."

Ko faifan yumɓun ba ta jawo ba tukun.