Ranar da Aka Cinye Baba a Dara

Shekarun baya, ba a daɗe da ba mu jiha ba, ina ɗan aikin ofis a Gusau, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifina a Tsafe. Hannun dama ya mutu, ƙafa sai ja. Likita ya ce a riƙa fito da shi yana motsa jiki, amma Baba ya juya wa duniya baya, abinci ma sai an yi da gaske. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ce ɗagawa, ita ce wanki. Wata takwas ba ta leƙa ƙofar gida ba, har ta fi majinyacin ramewa. Na tsorata ƙwarai, don na ga alamar su biyun zan rasa.

Baba gwanin dara ne, sai na ce ai na samo magani. Wata Asabar na haƙa gurabe a zaure, na karyo kara, na tsinto duwatsu, na tallabo shi. Ni ga mai wayo, na riƙa kau da ido ina barin sa yana jera uku yana ci na. Ana wasa na biyu ya watsar da karan da hannun hagu.

"Wagga ba dara ba ta, sadaka ta," in ji shi. "Maishe ni ɗaki."

Na ji kunya, amma ban haƙura ba. Da na faɗa wa Inna, sai ta ce, "Ku duka tausai nai kuka ji. Tai Bungudu ka ɗauko taubashi nai." Ɗan gwaggon Baba take nufi, wanda suka tashi suna tsokanar juna tun suna yara.

Washegari na je na zo da shi. Tsohon nan ko sannu bai ce ba. Ya leƙa ɗaki ya ce, "Ashe ragon na nan? An ce min tsoron dara ya sa ka ƙirƙiro ciwo."

Baba kuwa ya yunƙura ya ce, "Ku hidda ni waje."

Wasa uku taubashi ya yi masa, babu sassauci, yana ci yana shewa. Ana cikin haka kara ya suɓuce wa Baba. Na miƙa hannu zan ɗauko, tsohon ya buge ni. "Bar shi! In bai iyawa ya ce ya sallama." Baba ya ciji leɓe, ya lallaɓa har ya ɗauki abinsa.

Da aka tashi Baba ya harare ni. "Ina tuwon? Da yunwa macucin ga ya ci ni."

Na shiga in gaya wa Inna, na tarar barci ya kwashe ta a tabarma da rana tsaka, ludayi a hannu. Ban tashe ta ba, ni na zuba tuwon.

Daga nan zaurenmu ya zama wurin dara, maƙwabta suna fito da shi, har Inna ta samu ta je Magami ganin ƙanwarta. Hannun bai dawo ba, amma Baba ya dawo. Na gane cewa tausayin da na ɗauka kulawa ce, shi ya fi ciwon danne shi, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi.

Har ya bar duniya ban sake bar masa wasa ba. Ban kuma taɓa cin sa ba.