Ƙofar Direba Tana Jahun: Ta'aziyyar Malam Zailani Garba

Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, ana shirin sallar Azahar, Hajiya Zulaihatu ta aiko mini da labarin cewa Allah Ya karɓi ran mijinta, Malam Zailani Garba, a gidansa da ke Dutse, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun kafin azumi. Mu na Allah ne, kuma gare Shi ne komawarmu. Kafin Magariba mun kai shi makwancinsa.

Malam, ka san ni da nauyin baki. Na jinkirta wannan rubutu ne saboda akwai magana a cikinsa wadda ba na so in faɗe ta da gaggawa, kuma ba na jin ina da ikon haɗiye ta.

Mutanen Dutse sun san ka malamin zanen fasaha a makarantar sakandare har ka yi ritaya. Kaɗan ne suka san ɗakin da ke bayan zaurenka, inda ka yi shekaru kana haɗa 'yan ƙananan motoci na ɗorawa a tafin hannu. Kwali ne yake zo maka daga ƙasashen waje, cike da sassan roba, wasu ba su kai farce ba. Ka yanke su da reza, ka goge da samfefa, ka ɗauka da hantsaki, ka manna da gam. Sai dai ba ka taɓa barin mota ta fito yadda hoton kwalin ya nuna ba. Ka ce mini motar kwali ba ta taɓa ɗaukar kowa ba. Saboda haka kakan ɗora mata kariyar ɗaukar kaya da ka yi da waya a sama, ka ɗinka mata buhunan gero da ƙyallen atamfa, ka kankaro tsatsa ta gaske ka shafa a ƙasan bamba, ka lanƙwasa bayanta kamar ta yi lodin ranar kasuwa. Ba ka sa mutum-mutumi a ciki. Duk da haka, wanda ya duba yakan ji kamar fasinjoji yanzu suka sauka.

Wannan aiki ya jawo maka zato iri-iri. Dattijo da furfura yana yawo a tasha da tef ɗin awo, yana leƙa ƙarƙashin motocin mutane, ba abu ne da ake gani a yi shiru ba. An ce ɗan leƙen asirin masu haraji ne. An ce ɓarayin mota yake yi wa aiki. A tashar Jahun har 'yan kamasho suka kewaye ka kana durƙushe kana auna wata tsohuwar Fijo doguwa, suna tambayar wanda ya aiko ka. Mai motar, Alhaji Ɗayyabu direba, ya zo ya tarar da taron, ya dube ka ya dubi motarsa.

"Malam, in sata ce ta kawo ka, ga sababbi can," in ji shi. "Wannan ko ka sace ta, sai ka dawo ka nemi masu turi."

Aka yi dariya aka watse, shi kuma ya riƙe maka ƙarshen tef ɗin har ka gama. Daga ranar kuka zama aminai, kuma a bakinka na san shi kafin in gan shi.

Kana da wata al'ada da duk wanda ka taɓa yi wa mota ya sani. Ba ka manna ƙofar direba. Kakan gama komai, ka yi wa ƙofar fenti daban, ka ajiye ta a kwalin ashana. Ranar da za ka miƙa motar, sai ka ba mai ita hantsaki da ɗigon gam, ka ce shi ne zai rufe ƙofarsa da hannunsa. Na ga lokacin da Jaji, wani direban hanyar Kiyawa, ya yi nasa. Mutum ne mai ɗaga taya da hannu ɗaya, amma gumi ya wanke shi, yana cewa, "Malam, wallahi gara ka ce in sauke inji." Kai kuwa kana gefe kana murmushi, ba ka taimake shi ba. Da na tambaye ka dalili, ka ce mota ba ta zama ta mutum sai ya taɓa ta, kuma ba ka so wani ya ce aikinka ne shi kaɗai. Ba ka taɓa sayar da ko ɗaya ba. Kyauta kake bayarwa, galibi ga direbobin da motocinsu suka tsufa aka kai su wajen masu yanka ƙarfe.

Da Alhaji Ɗayyabu ya rasu bara, magada suka sayar da Fijon, aka yanka ta. Matarsa, Hajiya Ikilima, ta tsaya a soro tana kallo har aka ja motar aka sha kwana da ita. Ka ji labarin, ka je Jahun, ka yi mata alkawarin za ka dawo mata da ita a tafin hannu. Ka yi aikin nan kana ciwo. Idonka ya raunana, sai ka haɗa tabarau da madubin ƙara girma. Ka sa tsagewar gilashin gaba, ka sa carbin da ke rataye a madubi da ƙwayoyin da ban san inda ka samo su ba. A ƙofar direba ka yi lotsawar da wani bijimi ya yi mata a kasuwa, ka ɗaura igiya a mariƙin, domin ƙofar gaskiyar ba ta buɗuwa ta ciki, sai Alhaji ya zura hannu ta taga.

A zuwana na ƙarshe duba ka, ka sa aka ɗauko kwalin ashana daga ƙarƙashin matashinka, ka damƙa mini. Ka ce, "Malam Mu'az, riƙe mini wannan. In na tashi mu je Jahun tare. In ban tashi ba, motar tana ɗakin aikina a kan kantar sama, ka san hanya." Na karɓa na sa a aljihu.

A nan ne zan auna kalmomina.

Washegarin sadakar uku na nemi Hajiya Zulaihatu ta buɗe mini ɗakin don in sauke amanar. Duk motocin suna nan a jere. Gurbin Fijon ne kawai babu komai, sai shacin tayoyi huɗu a kan katakon.

An ba ni bayani, kuma na saurara. Wasu sun ce mata ne a zaman makoki suka miƙa wa yaran baƙi don su yi shiru, tunda a idon mai wucewa kayan wasa ne. Hakan yana faruwa, kuma da shi ne da ban ga laifin kowa ba. Amma kantar sama ta fi ƙarfin hannun yaro, kuma mai neman abin rarrashi yakan ɗauki na kusa ne, ba ya tsallake jajaye masu ƙyalli ya zaɓi mai tsatsa marar ƙofa. Ba a ture komai ba, ba a karya komai ba. Hannun da ya ɗauke ta ya san yadda ake ɗaukar irinta.

Hajiya Zulaihatu ta ce ɗakin a kulle yake tun ranar rasuwa, sau ɗaya kawai ta bayar da mukulli. Wani baƙo ne daga cikin masu ta'aziyya ya roƙa, ya ce yana so ya ga inda Malam yake aiki ya yi masa addu'a. Ta ba shi, domin ba a hana mai makoki irin wannan. Na san baƙon. Ina zaurenka watannin baya lokacin da ya zo, ya daɗe yana kewaya Fijon nan da wayarsa, yana cewa, "Ranka ya daɗe, wannan ai bai kamata ta ƙare a ƙauye ba. Ka bar ni in kai ta baje koli a Abuja." Ka amsa masa cewa tana da mai ita. Ya sake magana, ka sake ba shi amsar nan, ba ka ƙara kalma ba.

Ban ga kowa ya ɗauka ba, don haka ba zan ambaci suna ba, kuma ina roƙon wanda ya gane kada ya ambata. Na san abin da zato ya yi maka kana raye. Mai yiwuwa mutumin ya shiga, ya yi addu'arsa, ya fita hannu wofi. Na kira shi, ya ce bai ma lura da ita ba. Wannan amsar ce ta fi tsaya mini a rai, daga bakin wanda ya taɓa ɗaukarta hoto ta kowace kusurwa. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ba zan wuce shi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tafi Jahun da abin da ya rage. Na gaida Hajiya Ikilima, na faɗa mata gaskiya, na buɗe kwalin ashanar a gabanta. Ta ɗora ƙofar a tafin hannunta, ta kusanto da ita ga idonta. Sannan ta taɓa igiyar da ɗan yatsa.

"Har wannan ya sa?" ta ce. "Ni na tufka wa Alhaji ita. Kullum sai na ce ya kai a gyara, ya ce in an gyara ɓarawo zai gane yadda ake buɗewa."

Ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi. Na ce mata zan ci gaba da nema. Ta ce, "Malam, bar ƙofar a nan. Wanda motar take hannunsa, in ya gaji da kallonta a buɗe, ya san gidan."

Saboda haka ina sanar da duk wanda take wurinsa, ko ta wace hanya ta je: abin da ke hannunka bai cika ba, kuma wanda ya yi shi ya riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya san aikin Malam Zailani, da ya ga mota babu ƙofar direba zai gane ba a miƙa ta ga mai ita ba. A ajiye ta a zauren marigayin, ko a aika da ita Jahun ta hannun kowane direba. Ba za a tambayi komai ba. Na tanadi hantsakinka da gam ɗinka, Malam, don ranar da Hajiya za ta rufe ƙofar mijinta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zulaihatu, da 'ya'yanka Khaulat da Zainulabidin, da ɗalibanka, da direbobin da ka mayar wa motocinsu. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da amininka Alhaji Ɗayyabu a Aljanna. Ya ba iyalanka haƙurin rashinka. Idan zatona kuskure ne, Allah Ya yafe mini. Idan daidai ne, Ya tausasa zuciyar wanda ya ɗauka. Malam, ka cika alkawarinka iyakar ƙarfinka. Allah Ya ba mu ikon ƙarasa maka sauran. Amin.