Ƙayar Kifi a Ranar Waliyyi Bilez

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku, tsohuwa za ta yi magana.

Shekarun baya, 'yata ta ɗauko ni daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna zuwa Setapak, can ƙasar Malay, in riƙe mata 'yarta, ita tana karatu. Yarinyar a can aka haife ta. In na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci ko yaren Malay, mu ƙare da nuni kamar kurame.

Ranar da abin ya faru, idin Waliyyi Bilez ne. Tun ina budurwa katikis ya ba mu labarinsa. Bishof ne kuma likita, a zamanin da ake farautar Kiristoci. Ya ɓuya a kogon dutse, har namun daji kan zo ya yi musu magani. Da aka kama shi, a hanyar kurkuku wata mata ta tare shi da ɗanta, ƙayar kifi ta maƙale masa a wuya. Ya yi addu'a, yaron ya rayu. Shi kuwa aka tsefe naman jikinsa da matsefin ƙarfe, aka sare kansa. Shi ya sa a ranarsa Fada ke gitta kyandir biyu a maƙogwaron kowa, ya sa albarka.

Na so mu je Misa a Sentul da safe. 'Yata ta ce, "Mama, jarrabawa gare ni, ki yi haƙuri sai baɗi." Ta sayo mana shinkafa da soyayyen kifi a kedai, wato ɗan shagon abinci na ƙasan bene, ta tafi.

Muna cikin ci, yarinyar ta saki cokali, ta kama wuyanta.

"Kaka, tulang!"

Ni da na girma da randa da tulu, sai na ji "tulun". Har daɗi ya kama ni, wai yau jikata ta yi Hausa, ruwa take nema. Na ɗebo na kafa mata kofi a baki. Ta ture.

"Tulang, Kaka, tulang!"

"To ga ruwan, uwata! Wane tulu kuma a saman bene?"

Sai na ga yawu yana dalala, da jini-jini a ciki. Idanunta suka firfito, numfashinta yana fita kamar usur. Wayar da aka bar mini, na rasa inda ake dannawa. Na saɓa yarinyar a kafaɗa, ko takalmi babu, na bubbuga ƙofar maƙwabciyarmu, wata Bakanuwa matar malamin jami'a, mai jin yaren Malay.

"Iya, lafiya?"

"Tulu take ta kira, na ba ta ruwa ta ƙi!"

Ta durƙusa, yarinyar ta sake faɗa da ƙyar.

"Innalillahi! Iya, ba tulu ba ne, ƙashi take cewa! Kifi kuka ci?"

Ƙayar kifi, kuma yau, ranar da ba a kai ta an sa mata albarka ba! Na ce a kawo lomar shinkafa ta haɗiye, yadda muke yi da tuwo a gida. Matar ta damƙe hannuna.

"Kada ki soma, Iya! Ƙara tura ta ciki za ki yi."

Ta kira mota ta waya. Ga ruwan sama, ga cunkoso. Tana addu'arta, ni kuma na gitta yatsuna biyu a wuyan yarinyar tunda ba kyandir, ina cewa, "Waliyyi, a kan hanya matar nan ta same ka, mu ma ga mu a kan hanya. Ka roƙa mana." Duk sanda yarinyar ta yi shiru, sai in kai kunnena bakinta. Da wane baki zan gaya wa uwarta?

A asibiti likita ya zaro ƙayar da ɗan hantsaki. 'Yar ƙaya ce lanƙwasasshiya, ko gaɓar yatsa ba ta kai ba.

Har yau in na tuna murnar da na yi, tsikar jikina tashi take. Jininka yana gaya maka mutuwa ta kama shi, kai kana murmushi. Daga ranar muka zauna da jikata, ta koya mini kalmominta, na koya mata nawa. Da ciwo da wuta da ƙaya muka fara.

Maƙwabciyar ta koma Kano da mijinta, duk Kirsimeti sai ta kira ni. 'Yata ta gama karatu, tana aiki can a Bukit Jalil. Jikata ta girma, kifi har kansa take taunewa. Ni kuwa na dawo ƙauye, kuma ko a biki aka ajiye mini kifi, sai in ture kwanon in ce na ƙoshi.